Samun Jagora a Rayuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu neman wanda zai riƙe hannunsu a karatu, ko sana'a, ko aiki, ko gyaran hali. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Kowace amsa tana iya tsayawa da kanta, amma inda wata ta dogara da wata, an nuna lambarta.

1. Wane ne jagora, kuma me yake yi wa mutum?

Jagora shi ne wanda ya riga ka bin hanyar da kake son bi, ya kuma yarda ya riƙa ba ka lokacinsa a kai a kai. Zai saurare ka, ya duba abin da hannunka ya yi, ya gaya maka inda ka karkace. Ba lallai ya zama shugabanka a wurin aiki ba, ba lallai kuma ya zama wanda ya yi suna ba. Abu biyu ake buƙata a wurinsa: ya san abin da kake nema, sannan ya san ka kai kanka.

Wata mai bincike a Jami'ar Boston, Kathy Kram, ta bi diddigin irin wannan alaƙa tsakanin manya da ƙananan ma'aikatan wani kamfani a Amurka, ta fitar da sakamakonta a 1983. Ta ga taimakon jagora ya kasu gida biyu. Akwai na aiki: koyar da dabaru, ba ka aiki mai wuya don ka gwada ƙarfinka, kare ka idan ka yi tuntuɓe. Akwai kuma na zuciya: ƙarfafa gwiwa, zama abin koyi, da zama wanda za ka iya gaya wa tsoronka ba tare da ya raina ka ba. Mutane sukan zo neman na farko, amma idan shekaru suka tura, na biyun ne suka fi tunawa.

2. Ga littattafai, ga intanet. Me zai hana in koyi komai da kaina?

Babu abin da zai hana ka koyon mafi yawansa da kanka, kuma ya kamata ka yi hakan. Matsalar ita ce littafi bai san ka ba. Zai gaya maka yadda ake yin abu daidai, amma ba zai ga cewa kai a wuri kaza kake maimaita kuskure ɗaya ba. Sannan akwai wani ilimi da gwanaye suke da shi wanda su kansu ba su iya rubuta shi. Masanin nan Michael Polanyi ya yi dogon bayani a kai a shekarun 1960, inda ya nuna cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa. Gwanin likita yakan ji a jikinsa cewa wani abu bai yi daidai ba tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Irin wannan sai da zama kusa da mai shi ake ɗaukarsa.

Harriet Zuckerman ta yi nazari a kan masana kimiyya 92 da suka ci kyautar Nobel bisa aikin da suka yi a Amurka zuwa 1972. Ta tarar 48 daga cikinsu sun yi aiki a ƙarƙashin wasu da su ma suka ci kyautar. Da ta tambaye su abin da suka ƙaru da shi, ba yawan bayanai suka fi ambata ba. Sun fi maganar yadda suka koyi gane matsalar da ta cancanci a ɓata mata shekaru, da sanin lokacin da aiki ya kai a ce ya yi kyau. Gaskiya ne cewa manyan masana sukan zaɓi ɗalibai masu hazaƙa tun farko, don haka ba za a jingina komai ga jagoranci ba. Duk da haka, abin da suka ce sun koya ɗin ba a cika samunsa a rubuce ba.

3. Mene ne bambancinsa da malami ko ubangida?

Malami yana da darasi da zai kai ƙarshensa, kuma kowa a ajin darasi ɗaya yake ji. Jagora daga matsalarka yake farawa. Ubangida kuwa shi ne mai tsaya maka: ya ambaci sunanka a inda ba ka nan, ya sa baki a ba ka dama, ya jingina mutuncinsa da naka. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka ukun, amma kada ka ɗauka dole ne.

Wannan bambanci yana da nauyi. A 2010 Herminia Ibarra da abokan aikinta sun nuna cewa mata a manyan kamfanoni ba su rasa masu ba su shawara ba, abin da suka fi rasa shi ne masu tsaya musu a lokacin ƙarin girma. Idan abin da kake nema a buɗe maka ƙofa ne, ka san cewa ubangida kake nema, kuma ba a roƙon wannan a zama na farko. Yakan zo ne bayan mutum ya ga aikinka da idonsa (duba tambaya ta 7).

4. Akwai hujjar cewa jagoranci yana da amfani, ko dai zance ne kawai?

Akwai, amma ba ta kai yadda masu tallar abin suke kururutawa ba. Binciken da aka fi ambata shi ne na 1995 a kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, wanda yake haɗa yara da manya masu aikin sa kai. An bi yara 959 masu shekara 10 zuwa 16 na tsawon wata 18, wasu an haɗa su da jagora, wasu an bar su a jerin masu jira. Yiwuwar fara shan ƙwaya a wurin waɗanda aka haɗa ta ragu da kashi 46 cikin 100, ta fara shan giya ta ragu da kashi 27, kuma kwanakin da suka yi fashin makaranta sun kai kusan rabin na sauran.

A ɗaya ɓangaren, lokacin da Lillian Eby da abokan aikinta suka tattara sakamakon bincike masu yawa a 2008, na matasa da na ɗalibai da na ma'aikata, sun ga amfanin yana nan ta fuskoki da dama, sai dai gwargwadonsa kaɗan ne idan aka ɗauki matsakaici. Ni a ganina wannan ba abin karya gwiwa ba ne. Matsakaici yana haɗa alaƙar da ta canza rayuwar mutum da wadda ba ta wuce gaisuwa ba. Abin tambaya shi ne me ya raba su, kuma amsar tana cikin tambayoyi na 5 da na 9.

5. Shin jagoranci yana iya cutar da mutum?

Ƙwarai kuwa. A ƙarshen shekarun 1930 an fara wani shiri a garuruwan Kambirij da Somerville na jihar Massachusetts, inda aka haɗa yara maza sama da 250 da masu kula da su na kimanin shekara biyar, aka bar wasu masu yawa kamarsu don kwatantawa. Bayan shekara 30 Joan McCord ta nemo su, ta buga abin da ta gani a 1978. Waɗanda aka taimaka wa ɗin ne suka fi shiga matsala ta fuskar maimaita laifi, shaye-shaye da mutuwa da wuri, alhali da yawansu suna yabon shirin da bakinsu. Har yau masana suna muhawara a kan dalili, amma ya isa nuna cewa kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta wadatar.

Wani abin lura ya fito daga Jean Grossman da Jean Rhodes a 2002. Yaran da alaƙarsu da jagora ta kai shekara ɗaya ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda tasu ta mutu cikin wata uku na farko kuwa, ganin ƙimar kansu raguwa ya yi. Yaron da aka ɗauka aka yar yakan ɗora wa kansa laifi. Babba ma ba ya tsira daga wannan, ya dai fi iya ɓoyewa.

6. Wane irin mutum ya kamata in nema?

Kuskuren da aka fi yi shi ne hangen wanda ya fi kowa ɗaukaka. Shi wannan ba shi da lokaci, kuma sau da yawa ya manta yadda farkon hanya yake. Wanda ya riga ka da shekara biyar zuwa goma ya fi kusa da tuna ramukan da ke gabanka, domin bai daɗe da fita daga cikinsu ba.

Kafin ka kusance shi, dubi waɗanda suka taso a hannunsa. Sun tsaya da ƙafafunsu, ko har yanzu sai abin da ya ce? Suna zuwa gaishe shi don ƙauna, ko suna kauce masa? Dubi kuma yadda yake yi idan ƙaramin ma'aikaci ya gyara masa magana. Sannan ka tambayi kanka ko za ka so halinka ya zama irin nasa, domin ba gwaninta kaɗai za ka kwasa a wurinsa ba. Yadda yake magana da mutane da yadda yake riƙe alkawari duk za su bi ka gida, ko ka so ko ba ka so ba.

7. Yaya zan tunkare shi ba tare da na zama kaya ba?

Kada ka fara da cewa "ina so ku zama jagorana". Wannan roƙo ne da ba shi da iyaka, kuma mai hankali yakan ji tsoron alkawarin da bai san ƙarshensa ba. Je masa da aiki a hannu da tambaya ɗaya. Misali: "Ranka ya daɗe, na karanta bayanin da kuka yi a kan abu kaza, na gwada shi, ga abin da na samu. A nan wurin na maƙale. Ko za ku ba ni minti ashirin ku duba min?" Idan ya duba, ka je ka aikata abin da ya ce, ka dawo ka gaya masa yadda ta kaya. Dawowar nan ita ce take mayar da taimakon rana ɗaya ya zama alaƙa.

Tarihi cike yake da masu yin haka. Michael Faraday yaron mai ɗinkin littattafai ne a Landan lokacin da ya saurari laccocin masanin kimiyya Humphry Davy a 1812. Ya rubuta abin da ya ji, ya tsara shi, ya ɗinke shi littafi mai shafi kusan 300, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. A 1913 kuma Srinivasa Ramanujan, akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras a Indiya, ya aika wa masanin lissafi G. H. Hardy na Jami'ar Kambirij ta Ingila wasiƙa ɗauke da shafukan lissafin da ya gano da kansa. Imam Shafi'i ma sai da ya haddace Muwaɗɗa kafin ya je Madina ya zauna gaban Imam Malik. Babu ɗaya a cikinsu da ya je hannu rabbana.

8. Na nema, bai amsa ba, ko ya ce ba shi da lokaci. Sai me?

Ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako biyu ko uku, idan shiru ka wuce gaba ba tare da riƙo ba. Ramanujan ya rubuta wa wasu masana biyu na Kambirij kafin Hardy, ba su kula shi ba. Warren Buffett, shahararren mai zuba jarin nan na Amurka, ya nemi yi wa malaminsa Benjamin Graham aiki kyauta bayan ya gama karatu a Jami'ar Kolumbiya, Graham ya ƙi. Buffett ya ci gaba da aika masa ra'ayoyinsa a kan hannayen jari, sai a 1954 Graham ya kira shi aiki.

9. Sau nawa ya kamata mu haɗu, kuma me za mu tattauna?

Ga manya masu aiki, sau ɗaya a wata na awa guda ya isa, muddin ba a fashi. Yara da matasa sun fi buƙatar kusanci. A shirin da aka ambata a tambaya ta 4, haɗuwar takan kai kusan sau uku a wata. Ɗorewa ta fi yawa muhimmanci, kamar yadda tambaya ta 5 ta nuna.

Nauyin shirya zaman a wuyanka yake. Kai za ka nemi lokaci, kai za ka tuna masa, kai za ka zo da abin tattaunawa. Fara da abin da ka yi da shawarar da ya ba ka a zaman baya, ko da ba ta yi aiki ba. Daga nan ka kawo matsala ɗaya ko biyu na gaske, tare da abin da kake tunanin yi a kansu. "Me zan yi?" tambaya ce mai rauni. "Ina tunanin yin kaza saboda kaza, me kuke gani ban hango ba?" ta fi ta nesa ba kusa ba, domin tana ba shi damar ganin yadda kake tunani, kuma tunanin ne ainihin abin da ake son gyarawa. Ka riƙa rubuta abin da aka faɗa. Wanda ya ga ana rubuta maganarsa yakan ƙara auna ta kafin ya furta.

10. Ni me zan ba shi? Ana biyan jagora?

A bisa yadda aka saba, ba a biya. Wanda ake biya don ya horar da kai a kan wata fasaha na ƙayyadadden lokaci sana'arsa yake yi, kuma babu laifi a ciki, amma wani abu ne daban. Abin da jagora yake samu shi ne ganin shawararsa ta yi amfani. Ka kiyaye lokacinsa, ka riƙe sirrinsa, ka ambaci sunansa idan an yaba maka a kan abin da ya koya maka. Idan kana da abin da ka fi shi sani, ka taimaka masa da shi (duba tambaya ta 13).

11. Dole ne in bi duk abin da ya ce?

A farkon tafiya, ka ba maganarsa nauyi fiye da yadda ranka yake so. Sau da yawa dalilin umarni ba ya bayyana sai an aikata shi, kuma ƙissar Annabi Musa da Khidr a Suratul Kahfi ta isa misali a kan wuyar haƙuri da abin da mutum bai gane hikimarsa ba tukuna. Wanda yake gardama da kowace shawara tun kafin ya gwada ta, ɓata lokacin mutane biyu yake yi.

Amma shawara ba hukunci ba ce, kuma kai ne za ka kwana da sakamakon. Jagora yana magana ne daga zamaninsa da abin da ya same shi. Imam Shafi'i ya zauna da Imam Malik har rasuwarsa a shekara ta 179 bayan Hijira, daga baya ya yi karatu a Iraƙi wurin Muhammad bin Hasan Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, ya kuma saɓa wa malaman nasa a mas'aloli da dama ba tare da ya daina girmama su ba. Buffett ma daga baya ya sassauta bin tsarin Graham na sayen hannun jari don arharsa kawai, ya koma neman kamfanoni masu inganci. Idan za ka saɓa, ka gaya masa da bakinka tare da dalilinka. Kada ka ce "to" a gabansa ka je ka yi wani abu. Inda kuwa ya umarce ka da abin da ya saɓa wa gaskiya ko doka, babu wani haƙuri a nan.

12. Gyaransa yana yi min zafi. Haka abin yake?

Galibi haka yake, kuma wannan zafin shi ne mafi tsadar abin da kake samu. 'Yan uwa da abokai suna ƙaunarka, saboda haka sukan sassauta maka. Abokan hamayya kuwa ba za su gaya maka kuskurenka ba sai ya kayar da kai. Mutumin da ya san aikin, yake so ka ci gaba, kuma ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ba shi da yawa a rayuwar kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yadda za ka bambance gyara da cin mutunci shi ne ka duba inda maganar ta dosa. Gyara yana nuna wuri takamaimai a aikinka, ya kuma bar ka da abin da za ka yi gobe. Cin mutunci kai yake nufa, yakan zo a gaban mutane, kuma idan ka tashi ba ka san ta inda za ka fara ba. Idan ranka ya ɓaci, kada ka mayar da martani a wurin. Yi godiya, ka kwana biyu, sannan ka sake duba maganar.

13. Zan iya samun fiye da ɗaya? Wanda na girma zai iya yi min jagora?

Duka biyun, e. Da wuya mutum ɗaya ya iya nuna maka hanya a sana'a, da zaman iyali, da sarrafa kuɗi, da addini. Biyu ko uku, kowanne a fanninsa, sun fi ɗaya da aka ɗora wa komai. Sai dai kada ka riƙa yawo da tambaya ɗaya daga wannan zuwa wancan har sai ka sami mai faɗin abin da kake son ji.

Batun shekaru kuwa, a 1999 Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric, ya sa ɗaruruwan manyan manajojinsa su nemi matasan ma'aikata su koya musu amfani da intanet, shi ma ya nemi nasa. Abin da ke hana manya irin wannan girman kai ne kawai.

14. Yaya zan gane alaƙar ta lalace, kuma yaya ake rabuwa?

Alamomin ba su da wuyar gani idan mutum ya yarda ya gani. Yana sa ka hidimomin da ba su da alaƙa da koyo kuma babu ranar ƙarewarsu. Yana ɗaukar aikinka ya sa sunansa. Ba ya so ka kusanci wani gwani. Fuskarsa tana canzawa idan an yabe ka. Ko kuma ya fara neman wani abu a wurinka da ya wuce iyakar mutunci, wanda a nan ba a jira, barinsa ake yi nan take a kuma sanar da wanda ya dace. Ko manyan mutane ba su kuɓuta daga kishin na ƙasa da su ba. Davy ɗin da ya ɗauko Faraday shi ne ya yi adawa da shigar da shi ƙungiyar masana ta Royal Society, alhali shi ne shugabanta a lokacin. An dai zaɓi Faraday a 1824.

Ko alaƙar lafiya lau take, tana da wa'adi. Kram ta ga matakai huɗu: sabawa, wadda takan ɗauki wata shida zuwa shekara, shekara biyu zuwa biyar na cin moriya sosai, rabuwa, sannan sabon zama a matsayin abokai ko takwarori. Matakin rabuwa yakan zo da ɗan ɗaci a ɓangarorin biyu, kuma hakan ba ya nufin wani ya yi laifi. Ka same shi ka yi masa godiya a kan abubuwa takamaimai, ka ce kana so ka gwada tsayawa da kanka, ka nemi izinin dawowa idan ka maƙale. Bayan haka kada ka yanke gaisuwa.

15. Wani ya nemi in yi masa jagora, ni kuwa ban ga na kai ba. In karɓa?

Idan ka riga shi da taku biyu a hanyar da yake so, kana da abin ba shi. Abin da za ka auna shi ne lokacinka. Kada ka karɓa idan ba za ka iya riƙewa na aƙalla shekara ba, musamman idan yaro ne, saboda abin da aka faɗa a tambaya ta 5. Ku yanke tun farko sau nawa za ku haɗu, da lokacin da za ku zauna ku duba ko za a ci gaba.

A zaman kuwa, ka fi yawan tambaya a kan bayani. Ba shi labarin inda ka faɗi, domin nasarorinka ya riga ya ji su a bakin mutane. Idan ya kawo abin da ya fi ƙarfinka, kamar ciwon damuwa mai tsanani ko rikicin shari'a, ka haɗa shi da likita ko lauya, kada ka yi ƙoƙarin zama su. In kuma ya zo da tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce masa ba ka sani ba, ku duba wanda za a tura shi wurinsa.